Turaren Kakata a Cikin A-kori-kura

Sai da aka fasa katangar gidanmu ta gabas kafin motar ta samu wurin kwana. Nan ne da can turken raguna yake, inda maigidana ke ɗaure na kiwo wata huɗu ko biyar kafin Babbar Salla. Aka tuge turaku, aka share wurin, magini ya kafa ƙofar ƙarfe mai ganye biyu. Wata Alhamis da la'asar ina ɗakin girki na ji ƙugi a bayana, na leƙa ta tagar da hayaƙi ke fita, sai ga ta tana shigowa da baya a hankali. Fara ce, a-kori-kura, ta hannu, mai doguwar kujera ɗaya a gaba da buɗaɗɗen baya. Na sha ganin irinta a hanyar kasuwar Haɗeja, amma ban taɓa tsayawa kusa da ita ba sai ran nan. Tayarta kaɗai ta wuce gwiwata da nisa. Na tsaya da ludayi a hannu ina ta salati a zuci, ina mamakin yadda Allah ya hore wa ɗan Adam ƙarfe har yake juya shi da yatsu.

Ba don ƙawa aka saye ta ba. Inna, mahaifiyar maigida, wadda muke zaune gida ɗaya da ita tun rasuwar mahaifinsa, ba ta da wani buri da ya rage mata a duniya sai ta ga ɗakin Allah. Ba ta cika faɗa ba. Amma duk shekara in alhazai suka dawo ita ce ta farko wajen zuwa sannu da zuwa, ta zauna ta yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, ta dawo gida ta yi shiru har magariba. Gwiwoyinta kuwa kullum ƙara nauyi suke, har ta fara yin nafila a zaune. Maigida ya yi shekaru yana tara abin da shinkafa da alkama suka bar masa, duk sa'ad da ya kusa cim ma kuɗin kujera sai kujerar ta ƙara matsawa gaba.

"Kuɗi in an ajiye su narkewa suke," in ji shi, yana shafa jikin motar. "Ƙaramar mota kuma ranar da ka saye ta ranar ta fara tsufa. Amma wannan, muddin ba ta sha ruwa ba, baɗi war haka za a saye ta da darajarta, ƙila ma ta ɗara. Kafin nan ta yi mana dako shekara guda. A haɗa abin da ta kawo da kuɗinta, Inna ta tafi. Rago ne wannan, sai dai ba ya cin dusa."

"Yana shan mai dai," na ce.

"To fa, uwargida ta fara."

Inna ta fito da sandarta, ta zagaya motar sau ɗaya, ta dafa ƙofar da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Wannan ce za ta kai ni?"

"Ita ce, Inna, in Allah ya yarda."

"To a riƙa ba ta haƙƙinta."

A ƙasarmu ba a faɗa wa mota mugun abu da ya wuce a ce ta sha ruwa. Kusan kowace damina kogi yakan cika ya batse, motoci su nutse a hanya, masu motocin su jawo su, su wanke, su shanya, su sayar wa wanda bai sani ba. Bayan wata biyu wayoyin ciki su fara ruɓewa. Wannan na san shi, kowa ya san shi. Abin da ban sani ba shi ne yadda masu saye ke gane wadda ta sha.

Sau ɗaya na shige ta, lokacin da muka je ta'aziyyar wata gwaggona a wani ƙauye kusa da Guri. Ni da aka haifa a wannan fadamar, na tashi ina ganinta daga ƙasa, a ƙafa ko a bayan babur ina kare ido. Ran nan na gan ta daga sama ta cikin gilashi mai faɗi. Alkama ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, injinan ban ruwa suna ta bugawa nan da can. Ciyawar kacala ta tsaya a bakin ruwa ta fi mutum tsawo. Wani masunci yana kwance rub da ciki a kan gora a tsakiyar tafki, ba ya ko motsi. Da muka zo wata gada sai garken kirinjijiya, agwagin ruwa, ya tashi gaba ɗaya, suka rufe mana rana na ɗan lokaci, kukansu ya cika ko'ina. Ban san na kama hannun rigar maigida ba sai da ya ce in sake shi zai sa giya. Tasbihi na yi ta yi har muka isa, na ma kusa manta ta'aziyya muka zo.

Rani duka ta yi aiki. Ta kwashi alkama, ta kwashi shinkafar rani, ta kai taki gona, kowace yamma ta dawo turkenta maigida ya goge ta da tsumma. Da damina ta yi nisa ruwa ya zo kamar yadda ya saba, shiru, ba hadari ba tsawa, ka kwanta hanya na nan ka tashi babu ita. Maza suka yi ta jera buhunan yashi a bakin jingar da ke tare ruwa. Masu irin motarmu suka riƙa kutsawa cikin ruwa har ƙofa don kuɗin dako ya ninka. Shi ko ya ƙi. Yakan je ya tsaya daidai inda ruwa ya tsaya, kwalekwale ya sauke mutanen da gidajensu suka rushe, ya ɗebe su da tabarminsu da awakinsu ya kawo su makarantar da aka tsugunar da su, bai karɓi ko sisi ba. Amma taku ɗaya cikin ruwa bai yarda ba. Abokansa suna tsokanarsa wai amarya ya auro ba mota ba, yana dariya yana cewa i, kuma ba a gama biyan sadakinta ba.

Da ruwa ya janye, kifi ya samu. Sati shida ta yi tana jigilar kwalayen banda daga Guri zuwa kasuwa, wani lokaci in baya ya cika har a kan kujerar gaba akan ɗora kwali. A daidai lokacin aka sanar da ranar rufe karɓar kuɗin kujera. Maigida ya yi wa dillali magana, aka sa ranar da zai kawo masu saye, shi kuma ya tafi gona yankan shinkafa na kwana uku, ya bar mini mukulli ya ce in sa a goge cikinta.

Da kaina na je gogewa. Ina buɗe ƙofar ƙarni ya buge ni, irin wanda ke kama maƙogwaro. Kunya ta kama ni. Baƙi za su shiga wurin da yake ƙarƙashin kulawata su ji wannan? A gidanmu ko maƙwabciya ce za ta shigo sai an zagaya da kasko. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, ita ta koya mini haɗa turaren wuta tun ina 'yar sakandare, hawi da gabgab da kajiji da farce, a jiƙa su da turare a rufe su watanni har su kama juna. Ina da kwalba ɗaya da na haɗa tun ranar da motar ta shigo, na ɓoye ta don in turara kayan Inna in za ta tafi. Na ce a raina, ai ita ma motar cikin tafiyar take. Na ɗebo garwashi a kasko, na ɗora a kan faranti a ƙasan kujera, na zuba turaren ba tare da rowa ba, na ɗaga gilasai na rufe ƙofa, na tsaya ina gadi har hayaƙin ya lafa. Haka na yi safiya uku a jere. Ranar ta uku da na buɗe, sai ka ce ɗakin amarya. Na ji daɗi ƙwarai, ina ta ƙiyasta fuskar maigida.

Ya dawo daga gona tare da dillali da mai saye na farko, ko cikin gida bai shigo ba, ya aika aka karɓi mukulli. Ina tagar ɗakin girki ina kallo. Mutumin ya zagaya motar, ya bubbuga taya, fuskarsa a sake. Ya buɗe ƙofa, ya sunkuya ya sa kansa ciki, ya ɗan jima. Sai ya miƙe, ya dubi dillali, ya mayar da ƙofar a hankali kamar mai gudun tada barci.

"Allah ya kawo kasuwa," ya ce, ya sa kai ya fita.

Dillali ya leƙa shi ma, ya ɗago yana murmushin da ba na daɗi ba.

"Haba Malam, ai da ka gaya mini tun farko. Ina ya kai mata? Gilashi ko sitiyari?"

"Me ya kai mata?"

"Ruwan mana. Wa zai turara mota haka in ba wari yake binnewa ba?"

Maigida ya sa kansa ciki. Na ga ƙeyarsa ta tsaya cak. Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Uwargida, ke kika sa turare?"

"Ƙarni take yi, Malam."

"Ƙarnin shi ne shaidarta. Mai sayen mota a garin nan da hanci yake saye. In ya ji kifi ya san kifi ta ɗauka, in ya ji taki ya san taki ne. Wadda ta sha ruwa warin rima take yi da laka, ba ya fita, shi ya sa masu ita ke fesa mata turare. In ya ji ƙamshi, shi ke nan, ba ya ƙara tambaya."

Na sunkuya ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Muka buɗe ƙofofinta biyu muka bar ta a rana sati guda. Na wanke kujerar da sabulu, na zuba gawayi a kwano na ajiye ciki. A banza. Abin alfaharin turaren kakata ke nan, in ya kama zane sai an wanke shi sau uku yana nan. Magana kuwa ta riga ta zaga tasha. Mutum biyu suka ƙara zuwa, ɗaya ko ƙofar bai buɗe ba, ɗayan ya taya ta tayin da maigida ya ce ko injin kaɗai aka ciro ya fi haka. Maigida ya rantse musu, ya ce su tambayi duk wanda ya gan shi a bakin ruwa. Suka ce ai ba a musu da shi, Allah dai ya kawo rabo. Kwanaki suna ta tafiya.

Na je ɗakin Inna na durƙusa na gaya mata komai, ina kuka. Tana jan carbi, ta bar ni na gama.

"Tashi, 'yar nan. Ke kika yi kiran ko Shi? In an kira ni zan tafi ko a kan jaki."

Ta faɗi haka, amma da na ɗaga kai na ga jakar da ta fara haɗa kaya a ciki ta koma can ƙarƙashin gado. Wannan ya fi mini zafi a kan da ta yi mini faɗa.

Saura kwana biyar a rufe, da hantsi, dillali ya zo da wani Alhaji mai fataucin dabbobi daga garin Malam Madori. Tare da su akwai wani tsoho ɗan siriri, bakanike, gemunsa fari fat, rigarsa ta yi baƙi da mai, yana riƙe da wata doguwar waya mai lanƙwasa a baki da tsohuwar jarida. Alhajin ya buɗe ƙofa, ya shaƙa, ya juya zai tafi kamar na baya.

"Alhaji, tun da ka biya mini kuɗin mota ai ka bari in yi aikina," in ji tsohon. "Hancinka ya gama nasa, saura nawa."

Ya fara da bel ɗin kujera, ya jawo shi har ƙarshe yana duba shi a rana taƙi-taƙi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shafa ƙarfen da ke ƙarƙashi. Ya leƙa ƙasan kujera ya daɗe. Sannan ya shimfiɗa buhu ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai nake gani da wasu tsofaffin silifa. Ashe a jikin dogon ƙarfen da ke ɗauke da motar akwai 'yan ramuka. Ya riƙa zura wayar a ciki yana jawowa a hankali, yana kakkaɓe abin da ya fito a kan jarida, kowane kashi daban. Da ya fito ya zauna a ƙasa, ya kira su, suka tsuguna kewaye da shi.

"Wannan na bakin ramin, garin banda ne, na kwanan nan. Wannan ƙaiƙayin shinkafa. Na bayansa na alkama ne, ga shi nan da ɗan gashinsa. Wannan kuma," ya nuna kashi na ƙarshe, wanda daga taga ma ina hango janta, "jar ƙasa ce, ba ta nan ba ce. Malam, a wajen wa ka saye ta?"

"Wani malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna, da ya yi ritaya."

"Ka ji. Ta yi shekaru a can kafin ta zo muku." Ya ɗebi kaɗan ya hura, ta tashi. Ya tofa yawu a tafin hannu ya murza sauran. "Da ruwa ya shiga nan ko sau ɗaya, duk waɗannan da sun dame sun zama abu guda, su daskare kamar bulo, wayata ma ba za ta shiga ba. Ga su nan kowa a layinsa, a bushe. Wannan motar ko alwala ba ta taɓa yi ba."

Shekara guda ina share gefen motar nan, ban san tana ɗauke da labarin duk inda ta taka ba, a jere, ba wanda ya shiga cikin wani, har da na garin da ban taɓa zuwa ba. Ba wanda ya sa ta ta ajiye. Mu muna ta rantsuwa ba a yarda ba, ashe shaida na nan kwance a cikin duhun ƙarfe tana jiran wanda ya iya tambaya. Na tuna ranar da gaɓoɓin mutum za su faɗi abin da ya aikata, na dafa bango.

"To ƙamshin fa, Baba?" in ji Alhajin.

Tsohon ya tashi ya sa kansa cikin motar, ya rufe ido. Ya daɗe har dillali ya fara gyaran murya.

"Malam, ko uwargidan na kusa?"

Na jawo hijabi na tsaya a bayan ƙofar da ke tsakanin gida da turken, na gaishe shi.

"Lafiya lau, 'yata. Wa ya koya miki wannan haɗin?"

"Kakata ce, Baba."

"Daga gabas take."

"Daga can take."

"Na sani. Tun da tsohuwata ta rasu ban ƙara jin farce ya kama kajiji haka ba." Ya juya wajen Alhajin. "Mai ɓoye wari na kanti yake fesawa, mai arha, kwana biyu ya gudu. Wannan wata da watanni ake haɗa shi, mace ba ta ba ko ƙanwarta sai da dalili. Ba wanda zai ƙona shi don ya cuce ka, Alhaji, ba ka kai ba."

Alhajin ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ni da zan zuba mata awaki?"

"Sai su ji daɗi su ma. Amma 'yata, gaba in an ce ki goge mota, tsumma da ruwa."

"Na ji, Baba."

A zaure suka ƙarasa cinikin. Alhajin ya so ya fake da surutun gari ya rage, tsohon ya ce masa in bai saya ba shi zai je tasha ya faɗi abin da ya gani, gobe ya zo ya tarar da layi. Ba ta kai abin da maigida ya yi fata ba, amma da aka haɗa da abin da ta tara na dako ta isa, har da ɗan abin guzuri. Washegari da sassafe ya je ya biya. Da ya dawo ya miƙa wa Inna takardar, ta riƙe ta da hannu biyu ta juya ta gaba da baya, ita da ba ta karanta boko, sannan ta ce in jawo mata jakarta daga ƙarƙashin gado.

Da lokacin tafiya ya matso na fito da kwalbar, saura kamar rubu'i. Na turara mata zannuwan da za ta sa a hanya da na dawowa, ɗaya bayan ɗaya a kan kwando. Na kai hannu kan wani ƙunshi da ke gefe sai ta buge mini hannu da carbi.

"A'a, waɗannan na harami ne, ba a sa musu ƙamshi. Ke dai ba a barin ki da kasko. Kin kusa hana mota tafiya, yanzu kuma ni."

Muka yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

Turken ya koma na raguna, ƙofar ƙarfen ta yi musu girma. Ranar da aka fita da motar, da na je shara, na tarar da jaridar tsohon a inda ya bar ta, dutse a kanta, kashi huɗun nan suna nan yadda ya jera su. Uku na share su cikin shara. Jar ƙasar na naɗe ta a takarda na sa a cikin kwalbar da turaren ya ƙare, tana nan a kan kantata har yau.